WASAN ƘARSHE NA KOFIN ƘALUBALE: A MAYAR WA TALAKA DA BIKINSA

Jawabin kwamitin matasa da wasanni a taron ƙungiya

 

 Mun sani sarai akwai dattawan da za su ce, yanzu duk matsalolin da ke damunmu a nan ƙasar kurmi, ga kuɗin haya, ga makarantar yara, ga rikicin kasuwa, sai maganar ƙwallo? To, Allah ya ba iyayenmu haƙuri, su ɗan ba mu aron kunnuwansu. Maganar ƙwallo ce, amma a cikinta akwai maganar baƙi da masauki, akwai maganar rayukan 'ya'yanmu, akwai kuma maganar zamanmu da mutanen da muka tarar a garuruwansu.

Abin da muke son mu yi magana a kai shi ne wasan ƙarshe na gasar da muka tashi muka ji ana kira Kofin Ƙalubale. An sha canza mata suna, daga shekarar 2024 ma aka laƙaba mata sunan kofin Shugaban Ƙasa, amma har gobe a bakin jama'a Kofin Ƙalubale ne. Duk shekara rana ɗaya ce ake ɗaga wannan kofi, kuma a ganinmu wannan rana ta talaka ɗan kallo ce, don haka ya kamata a shirya ta da shi a zuciya.

Bari mu ɗan koma baya don amfanin yara. An fara wannan gasa a shekarar 1945 a Ikko, da sunan Kofin Gwamna, domin Gwamna Arthur Richards ne ya ba da kofin. Ƙungiyar Marine ce ta fara cinye shi. Shekaru takwas kofin bai bar Ikko ba, sai a 1953 da 'yan wasan Kano suka zo har gida suka doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1. Wato ƙungiyar farko da ta fitar da kofin nan daga Ikko, daga arewa ta zo. A 1972 kuma, Mighty Jets ta Jos da Bendel Insurance ta Binin suka tashi 2 da 2, aka sake wasan a filin Liberty na Badun, Bendel ta ci 3 da 2. Dattawan Sabon Badun da suka ga wannan zamani, su ne za su ba mu labarin yadda gari ya cika ya batse.

Daga baya ƙungiyoyin arewa sun sha ɗaukar kofin. BCC Lions ta Gboko ta ci a 1989, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci a 1991 da 1992, Wikki Tourists ta Bauchi a 1998, Plateau United a 1999, Niger Tornadoes a 2000, Kaduna United a 2010. Kano kuwa sai da ta jira shekara 66 kafin Pillars ta mayar da kofin gida a 2019, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, da bugun fenareti. Kafin wannan, waye a cikinmu ya manta da abin da ya faru a Asaba a 2018? Pillars tana gaba da ci 3 da nema, Rangers ta Inugu ta farke duka ukun, ta kuma ci a fenareti. Ranar nan akwai gidajen da aka dafa tuwo ba a ci ba. Sai kuma 2024, da El-Kanemi ta zo filin Onikan ta doke Abia Warriors 2 da nema, bayan shekara 32 rabonta da kofin.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, duk ranar da ƙungiyar arewa ta kai wasan ƙarshe aka ce a kudu za a yi, ba otel magoya bayanta ke nufa ba. Zango suke nufa. Agege suke sauka, da Idi-Araba, da Obalende, da Sabon Shagamu, da Sabon Badun. Shagunanmu suke kwana, da barandar masallatanmu. Idan kuɗin motar wani ya ƙare, mu ake yi wa sallama. Idan yaro ya ji ciwo, mu ke kai shi asibiti. Idan 'yan sanda suka kama wani, Sarkin Hausawa ake tasa da tsakar dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka muna da bakin magana.

Jama'a, idan muka duba yadda ake shirya wannan rana, sai mu ga kamar an fi tunawa da mutum uku: babban baƙo, da mai ɗaukar nauyin gasa, da mai ɗaukar hoton talabijin. Ba mu ce a manta da su ba, kowa da amfaninsa. Amma mutum na huɗu, wato ɗan dakon da ya tara kuɗin kwana uku ya sayi tikiti, da mai shayin da ya rufe teburinsa, da ɗalibin da ya shigo motar dare, shi ne ake barin sa a rana yana turereniya a bakin ƙofa. Alhali kuwa in babu shi, wasan ƙarshe da atisaye duk ɗaya ne. Ga abubuwan da muke ganin in an gyara, wannan mutum zai ji cewa bikinsa ne.

Na farko, rana da wuri. Ku dubi yadda wasan ya yi ta yawo: 2017 a filin Agege, 2018 a Asaba, 2019 a Kaduna, 2021 a Binin, 2023 a Asaba, 2024 da 2025 a Onikan. Watan ma haka, yau Oktoba, gobe Yuli, jibi Agusta. Na 2018 ma ranar Laraba aka buga shi, ranar da kowa ke wurin neman abinci. Yawon ba laifi ba ne, in dai an sanar da wuri. Daga Kano zuwa Ikko kimanin kilomita 1,000 ne, daga Maiduguri kuwa ya haura 1,500, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da kuɗin mota ya zama. Mai hali zai shiga jirgin sama ko da an sanar da shi jiya. Talaka kuwa sai ya yi adashi, sai ya nemi wanda zai tsare masa rumfa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan dole mu yaba. A 2024 da 2025 an buga wasan a Asabar ɗin ƙarshe ta watan Yuni. Wannan tsari ne mai kyau, domin a lokacin manyan gasannin kulob na ƙasashen Turai sun tafi hutu, hankalin yara ya dawo gida. Roƙonmu ga hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa shi ne ta kafa wannan rana ta zauna daram, a kuma faɗi garin da za a yi wasan tun kafin a buga zagayen farko. A Jamus, tun 1985 a birnin Balin ake buga wasan ƙarshe na kofinsu, ko yaro ya sani. Mu da muke zaune a nan, da son ranmu ne sai mu ce a bar shi a Ikko kullum. Amma ƙasarmu da faɗi, kuma hanyoyinmu ba irin nasu ba ne. Adalci shi ne a riƙa zagayawa da shi shiyya-shiyya, kowace shiyya ta san shekararta, don kada a ce kullum mutumin Barno ne zai yi kwana biyu a mota.

Na biyu, girman fili. A da, babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, wanda aka gina a 1972, shi ne gidan wasan ƙarshe, kuma yana cin mutum fiye da 40,000. Da aka bar shi ya lalace, sai aka koma ƙananan filaye. Filin Onikan yana da kyau tun da aka sake gina shi, amma abin da yake ɗauka bai wuce kimanin mutum 10,000 ba, na Agege kuwa bai ma kai haka ba. To, a cire kujerun manyan baƙi da 'yan rakiyarsu, da na jami'ai, da na 'yan jarida, me ya rage wa talaka? Wasu za su ce ai ko ƙaramin filin ma ba kullum yake cika ba. Amsarmu ita ce, mutum ba ya zuwa bikin da ba a gayyace shi ba. A sanar da wuri, a sauƙaƙa tikiti, a tabbatar masa zai koma gida lafiya, a ga ko ba zai zo ba.

Na uku, tikiti. Abin da muka saba gani shi ne a buɗe taga ɗaya ko biyu ranar wasa, mutane su yi cincirindo, kafin azahar a ce ya ƙare, sai ga shi a hannun 'yan bumburutu a bakin titi da ninkin kuɗi. Shawararmu ita ce a buga tikiti daidai yawan kujeru, ko ɗaya kada a ƙara. A ware kaso mafi tsoka a raba wa ƙungiyoyin biyu da suka kai ƙarshe, su sayar wa magoya bayansu tun a gida, mutum ya taso da tikitinsa a aljihu. Sauran a fara sayarwa mako guda kafin wasa a wurare da dama cikin gari, a kuma faɗi farashi a rediyo. Sayarwa ta intanet ba laifi, amma kada a ce ita kaɗai, domin da yawa daga masu son ƙwallo na haƙiƙa ƙaramar waya ce a hannunsu.

Akwai kuma wata al'ada da ta shigo, inda wani babba zai ce ya saye fili duka, a buɗe ƙofa kowa ya shiga kyauta. Niyyar mai kyau ce, amma hatsarinta ya fi amfaninta. Idan babu tikiti, babu wanda ya san mutum nawa ne a ciki, kuma mai ƙarfi ne zai shiga, tsoho da yaro su sha matsa. Wanda ke son ya yi alheri, ya sayi tikitin ya raba ta hannun makarantu da ƙungiyoyi. Kyautar tana nan, ƙidayar ma tana nan.

Wannan ya kawo mu ga na huɗu, wanda ya fi duk sauran nauyi, wato tsaron rai. A watan Agusta na 1979, bayan wasan kusa da na ƙarshe na wannan gasa tsakanin IICC ta Badun da Bendel Insurance a filin Surulere, fitilu suka ɗauke mutane na ƙoƙarin fita, aka yi turmutsitsi, mutum 24 suka rasu. A Ingila, a filin Hillsborough a 1989, cunkoso ya yi sanadin mutuwar mutum 97. A Ankara ta ƙasar Gana, ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, mutane suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, sama da 120 suka mutu. A Yawunde ma, a Janairun 2022, mutum 8 suka rasu a bakin ƙofar filin Olembe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku lura, duk waɗannan ba ƙwallo ce ta kashe su ba, ƙofa ce, da duhu, da rashin tsari.

Saboda haka a buɗe dukkan ƙofofin shiga awa huɗu kafin wasa, ba guda ɗaya ba. Kafin alƙalin wasa ya hura tashi, a buɗe ƙofofin fita gaba ɗaya, kowace da mai tsaronta. Kada a kashe fitila sai mutum na ƙarshe ya fita, janareta kuma ya kasance a kunne. A hana harba barkonon tsohuwa a inda mutane ba su da wurin gudu. A ajiye motar asibiti ta 'yan kallo daban da ta 'yan wasa. Magoya bayan kowace ƙungiya a ba su ɓangarensu da ƙofarsu. Duk wannan bai kai kuɗin da ake kashewa wajen ƙawata rumfar manyan baƙi ba.

Na biyar, mutunta ɗan kallo. Mutumin da zai zauna awa biyar a kan siminti yana bukatar ruwan sha mai araha, da makewayi mai tsabta, na maza daban na mata daban. Wasan nan yawanci da yamma ake yin sa, La'asar takan riski mutane a ciki, in aka kai ga fenareti har Magariba. A ware wuri mai famfo da tabarmi, mutum ya yi sallarsa ba tare da ya fita an hana shi dawowa ba. A keɓe wani ɓangare na magidanta da iyalansu, inda ba shaye-shaye ba ashar. Sa'an nan masu ƙananan sana'o'i, mai tsire, mai goro, mai lemo, mai ruwa, waɗanda da yawansu mutanenmu ne, maimakon a bi su da kulki, a yi musu rajista, a ba su layi, su biya ɗan abin da aka yanka. Su ma ranar kasuwarsu ce.

Na shida, lokaci. In an ce ƙarfe huɗu, to a take ƙwallo ƙarfe huɗu. Bai dace a bar dubban mutane cikin rana suna jiran mutum ɗaya ba, komai girmansa. Babban baƙo in ya makara, ya shigo a hankali ya zauna, girmansa na nan, shi zai miƙa kofi. Jawabai kuma a taƙaita. Jinkirin awa ɗaya ga mai jiniya ba komai ba ne, amma ga wanda zai nemi motar Agege ko ta Shagamu da dare, shi ne bambancin kwana a gida da kwana a tasha.

Na bakwai, waɗanda ba za su samu zuwa ba, kuma su ne mafi yawa. Iyayenmu sun ji daɗin wasan ƙarshe a rediyo, zamanin su marigayi Ernest Okonkwo, mutum yana zaune a rumfarsa kamar yana cikin fili. A dawo da wannan. A nuna wasan a talabijin ɗin da ba a biya, a ba gidajen rediyo dama su watsa shi da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, masu gidajen kallo kuma su san tashar tun da wuri. Yau yaronmu zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal da Barcelona har da na benci, amma ka tambaye shi wa ya ci Kofin Ƙalubale a 2025, sai ya yi shiru. Kwara United ce, ta doke Abakaliki a fenareti. Ba laifin yaron ba ne, abin da aka nuna masa shi ya sani.

To 'yan uwa, mun faɗi na hukuma, saura namu. Idan za mu nuna wa wani yatsa, mu tuna sauran yatsun mu suke kallo.

Abu na farko, baƙonka Annabinka. Muna ba da shawara wannan ƙungiya ta kafa ɗan ƙaramin kwamiti na dindindin, wanda da zarar an san ƙungiyoyin da suka kai ƙarshe zai tuntuɓi shugabannin magoya bayansu, a san mota nawa ke tafe, a san inda za su sauka, a rubuta sunan kowa da lambar wani nasa a gida. Shugabannin direbobi su taimaka da motocin da za su kai mutane fili su dawo da su a tare. Kada a bar yaron da bai taɓa zuwa Ikko ba yana gararamba a bakin gada da dare.

Abu na biyu, kuma muna roƙon matasa su buɗe kunne. Baƙon da ya zo kallo, gobe zai hau mota ya koma. Mu ne za mu kwana a nan. Dutsen da aka jefa a filin wasa, a kan rumfarmu yake faɗowa. Zagin da aka yi wa wata ƙabila da sunan goyon baya, matanmu ne za su ji amsarsa a bakin famfo, 'ya'yanmu kuma a makaranta. Mun ga yadda ƙaramar magana tsakanin mutum biyu take zama gobara a kasuwa, ba sai mun ambaci wurare ba, kowa ya sani. Ku yi kiɗa, ku yi kirari, ku ce sai masu gida har muryarku ta dishe, amma ban da jifa, ban da zagi, ban da shiga fili. In an ci ku, ku yi haƙuri, ƙwallo ce, wata shekarar taku ce.

Abu na uku, kafin ranar wasa, iyayenmu sarakuna su zauna da takwarorinsu masu gari da shugabannin 'yan sanda na yanki, a san juna, a yi musayar lambobin waya. Mu kuma matasa mu gayyaci abokanmu Yarabawa da Ibo mu tafi tare. Ai da yawa daga cikinmu nan aka haife mu, muna jin Yarabanci kamar Hausa, wasunmu ma Shooting Stars suke goyon baya tun suna yara. Su 'yan wasan kansu, ka duba kowace ƙungiya za ka tarar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi suna cin abinci a kwano ɗaya. In su ba su yi faɗa ba, mu 'yan kallo a kan me?

Abu na huɗu, kada maganar nan ta ƙare a wannan zaure. Muna neman izinin shugabanni mu rubuta waɗannan shawarwari bakwai a takarda, Sarki ya sa hannu, a kai wa hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, a aika da kwafi ga ta ƙasa a Abuja. Mu kuma aika wa 'yan uwanmu na Badun da Shagamu da Abekuta da Fatakwal da Inugu, su ma su sa hannu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko ɗaya aka ɗauka daga cikin bakwai, in dai ta ƙofa ce da fitila, wallahi mun ci riba.

 Kofin nan ya haura shekara 80, ya girmi Nijeriya mai 'yanci, kuma talakawa ne suka raya shi da kuɗin guminsu tun daga zamanin Kofin Gwamna. Abin da muke nema kawai shi ne magidanci ya kama hannun ɗansa su je kallo, su yi sallarsu a kan lokaci, su dawo gida lafiya.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriyarmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.